Filin Tambaya da Amsa: Ɗari Ba Ɗaya a Baki, XCIX a Takarda

Wasiƙu huɗu na ware a wannan watan, dukkansu a kan lambobin Romawa. Ta farkon ita za ta fi cin wuri, don tambaya ce da na sha ji a shekarun da na yi riƙe da alli a ajin firamare, kuma har yau ban gaji da amsa ta ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji huɗu na firamare. An ba su aikin gida su mayar da wasu lambobi zuwa na Romawa, ciki har da 99. Ni na zauna da shi muka yi. Na tuna an koya mana cewa idan ƙaramin harafi ya zo a hagun babba, ɗebewa ake yi, kamar IV da IX. Sai na ce ya rubuta IC, wato ɗari ba ɗaya. Washegari ya dawo an soke masa da jan biro, malaminsu ya rubuta XCIX a gefe, ba wani bayani. Yaron ya ce ni na ja masa. Malam, ina kuskurena? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri da kika zauna da yaro a kan aikin makaranta, kada kuma wannan jan biron ya sa ki daina. Malamin ya yi daidai, XCIX ake rubuta 99. Sai dai tunanin da ya kai ki ga IC yana da tushe, kuma da shi zan fara kafin in nuna miki inda ya kauce hanya.

Kakata ta wajen uwa daddawa take sayarwa, a bakinta kuma na fara jin lissafin ɗebewa tun ban shiga makaranta ba. Idan ta ƙirga abin da ya rage mata a faifai, ba ta cewa goma sha takwas, sai ta ce ashirin ba biyu. Goma sha tara kuwa ashirin ba ɗaya ce. Har gobe haka muke yi a kasuwa: ɗari ba biyar, dubu ba hamsin. In aka tambaye ki lokaci, ki ce ƙarfe huɗu saura kwata. Kowane Bahaushe ya san idan lamba ta kusa cika, ya fi sauƙi a kira cikakkiyar a faɗi abin da ya rage. Romawa ma haka bakinsu ya saba. A harshensu na Latin sunan 18 shi ne duodeviginti, ma'ana biyu daga ashirin, 19 kuma undeviginti, ɗaya daga ashirin. Ranar da na fara sanin wannan sai na ji kamar kakata ce ke ƙirga a kunnena. Akwai ma rundunar sojan Rum ta 18 da aka tarar an rubuta lambarta XIIX, wato goma, a ƙara goma ba biyu.

Kin ga ke nan ba a kanki farau ba. Amma abin da ake koyarwa a makaranta yau, wanda da shi ake duba jarrabawa, ƙa'ida ce da aka tsaya a kanta daga baya, kuma ta fi bakin kasuwa tsauri nesa ba kusa ba.

Haruffa bakwai ne duka-duka. I ɗaya, V biyar, X goma, L hamsin, C ɗari, D ɗari biyar, M dubu. Asalin aikin tarawa ne: a fara da babba daga hagu, a biyo da ƙanana, a haɗa. VI biyar da ɗaya, shida ke nan. LXII hamsin da goma da biyu, sittin da biyu. Ana iya jera I ko X ko C ko M har sau uku, ba a wuce nan. V da L da D kuwa ba a maimaita su sam, tunda VV goma ce, goma kuma tana da nata harafin.

To idan ba za a jera harafi huɗu iri ɗaya ba, yaya za a yi da huɗu? Yaya za a yi da tara, wadda a tarawa za ta fito VIIII? A nan ne kaɗai ɗebewa ke shigowa, kuma giɓi shida ta zo cikewa. IV huɗu, IX tara, XL arba'in, XC casa'in, CD ɗari huɗu, CM ɗari tara. Su ke nan, babu na bakwai. Duk inda kika ga ƙaramin harafi a hagun babba, kuma ba ɗaya daga cikin waɗannan shidan ba ne, an saɓa ƙa'ida.

Nakan ce wa ɗalibaina I shi ne autan gidan. Auta in yana da buƙata, wajen yayyensa biyu da ke kusa da shi yake zuwa, V da X. Ba ya tsallake su ya je ya tsaya gaban L ko C, balle M. X ma haka, iyakarsa L da C. Shi kuma C iyakarsa D da M. A IC ɗin da kika rubuta, auta ya tsallake V da X da L ya je gaban C. Dalilin da ya hana IL zama 49 ke nan, ya kuma hana XD zama 490. VC ma ba 95 ba ce, don V da L da D ba a ɗebe su daga komai. Sannan harafi guda tak ake ɗebewa. Takwas VIII ce, ba IIX ba, duk da abin da waɗancan sojojin suka rubuta a zamaninsu.

Amma Hajiya, kada ki ɗora wa yaro haddar "kada a yi kaza, kada a yi kaza". Akwai hanyar da in ya bi ta, kuskuren ma ba zai sami ƙofar shiga ba. A fasa lambar gida-gida: dubbai daban, ɗaruruwa daban, gomomi daban, ɗaiɗai daban. A rubuta kowane gida shi kaɗai kamar sauran ba sa nan, sannan a jera su daga hagu. Casa'in da tara: casa'in XC, tara IX, a haɗe XCIX. Arba'in da tara: XL da IX, XLIX. Casa'in da biyar: XC da V, XCV. Ke tambayar da kika yi wa kanki ita ce "nawa ya rage ɗari ta cika?" Tambayar da ƙa'idar ke so ita ce "yaya ake rubuta casa'in, yaya kuma ake rubuta tara?" Duk bambancin a nan yake.

Ku gwada da shekarun da yaro ya riga ya sani, sun fi zama a kai. Ɗauki 1960, shekarar da Nijeriya da Nijar suka sami 'yancin kai. Dubu M, ɗari tara CM, sittin LX, gidan ɗaiɗai ba kowa, sai a wuce shi: MCMLX. Sai 1914, da aka haɗe Arewa da Kudu: M, CM, X, IV, wato MCMXIV. Sai 1804, shekarar da aka fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo: dubu M, ɗari takwas DCCC, gidan gomomi ba kowa, huɗu IV, ta ba da MDCCCIV. A wannan ɗari takwas ɗin yara ke yawan zamewa su rubuta CCM, dubu ba ɗari biyu, sai ki tuna masa harafi ɗaya ake ɗebewa. In kin ga ya kama hanya, ki ba shi 1999, shekarar da aka koma mulkin farar hula. Zai so ya rubuta MIM, don ga ta nan saura ɗaya dubu biyu ta cika. Ki ce ya fasa ta: M, CM, XC, IX. MCMXCIX.

Mai yiwuwa ki ce, to me ya sa ake wahalar da kai, ga IC gajera, ga XCIX doguwa? Amsata ita ce, don kowace lamba ta zama tana da rubutu ɗaya. Da an buɗe ƙofar, 99 kaɗai sai a same ta a IC, a same ta a VCIV, a same ta a LXLIX, duk kuwa in aka lissafa casa'in da tara suke bayarwa. Mai karatu sai ya tsaya yin lissafi a kan kowace lamba kafin ya wuce. Da ƙa'idar nan kuwa, ido yana sabawa da guntayen, da ya hango XC ya san casa'in ce, da ya hango IX ya san tara ce, kamar yadda muke karanta kalma ba tare da mun tsaya haɗa baƙi da wasali ba.

Wajen karantawa kuma, ki koya masa ya ɗora yatsa a kan kowane harafi ya dubi na damansa. In na daman ya fi girma, a ɗebe wanda yatsa ke kai. In bai fi ba, a tara. Wannan duban ba ƙaramin abu ba ne, don haruffa iri ɗaya kan ba da lamba daban in aka sauya musu wuri. Paparoma Benedict da ya sauka a 2013 shi ne na XVI, goma sha shida. Paparoma Leo da aka zaɓa a 2025 shi ne na XIV, goma sha huɗu. A kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, Babi na IV shi ke magana a kan haƙƙoƙin ɗan'adam, Babi na VI kuwa a kan ɓangaren zartarwa yake. Wanda ya juya haruffan ya buɗe wani shafi daban. In yaron ya isa sakandare zai sake cin karo da su a darasin kimiyya, inda sunan iskar da muke fitarwa wajen numfashi ke ɗauke da IV, sunan ruwan batirin mota kuma ke ɗauke da VI.

Magana ɗaya nake da ita ga 'yan'uwana malamai. Soke IC a rubuta XCIX a gefe ba koyarwa ba ce. Yaron da ya zo da IC ya fahimci ɗebewa, ya wuce wanda ya bar wurin ba komai. Minti biyu a gaban allo, a fasa 99 zuwa 90 da 9, ya isa ya gyara wa aji gaba ɗaya. Ina jin zafin abin ne don na ga yara masu kaifin basira da suka ƙi lissafi saboda an ce musu "ba haka ba ne" ba a ce musu "ga dalili" ba. Ki gaya wa ɗanki, Hajiya, mahaifiyarsa ta yi lissafi daidai, rubutun ne ke da tasa dokar.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni mai gyaran agogo ne, nakan kuma sayar da na bango. Wani ya sayi agogo a wurina, bayan kwana biyu ya dawo da shi wai jabu ne, don a wurin ƙarfe huɗu an sa IIII maimakon IV. Na duba sauran da ke shagona, na ga yawancinsu haka suke, amma a wurin ƙarfe tara IX ne. Wane ne ke da gaskiya, ni ko shi? Daga wani mai gyaran agogo a Damagaram.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Agogonka ba jabu ba ne, ka kwantar da hankalinka. Agogon bangon mahaifina da na tashi ina gani a zaure, irin mai kaɗa ƙararrawa duk awa, IIII ne a jikinsa, kuma shi ya fara sa ni yi wa malaminmu irin wannan tambayar.

IIII ta girmi ƙa'idar da muke koyarwa. Romawan da kansu sun fi yawan rubuta huɗu haka, kuma ba su ɗauki cuɗa tarawa da ɗebewa a lamba ɗaya a matsayin laifi ba. A babban filin wasan nan na birnin Rum da ake kira Kolosiyam, wanda aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, an sassaƙa wa ƙofofin shiga lambobi, kuma ƙofa ta 44 an rubuta ta XLIIII. Duba da kyau: arba'in ɗin da ɗebewa aka yi ta, huɗun kuma da tarawa. Abin da ke jikin agogonka ke nan, IIII a nan, IX a can. Ko a baya-bayan nan ma ba a daina ba, don akwai wata babbar ƙofa a Landan da ake kira Admiralty Arch, wadda aka rubuta shekarar 1910 a jikinta MDCCCCX, da C huɗu a jere, maimakon MCMX.

Masu ƙera agogo sun riƙe IIII tun ɗaruruwan shekaru, kuma in ka ɗauko ɗaya ka ajiye a gabanka za ka ga amfaninta da idonka. Ƙarfe takwas, VIII, yana hagu, haruffa huɗu ne masu cika wuri. Takwaransa a dama shi ne ƙarfe huɗu. In aka sa IV, dama sai ta yi sakayau, in aka sa IIII sai ɓangarorin biyu su yi daidai. Sannan fuskar agogon takan kasu uku cif: huɗun farko I zalla, huɗun tsakiya duk suna da V, huɗun ƙarshe duk suna da X. Ga kuma wani abu da kai ka fi ni sani, lambobin ƙasan agogo a kife ake rubuta su, IV da VI kuwa in suna kife, ga su kusa da juna, suna saurin rikita ido.

Ba dukkan agoguna ne suka bi wannan ba. Babban agogon Landan da aka fi sani da Big Ben IV ne a jikinsa. Don haka duka biyun akwai su a sana'arku. Ka nuna wa mai sayen sauran agogunan, ka kuma gaya masa shi ma bai yi kuskure a karatunsa ba: in ɗansa ya rubuta IIII a takardar jarrabawa, zai rasa makin.

TAMBAYA: Malam, ni mai rubuta alluna ne da zanen bajo. Wani mai makaranta ya ba ni aikin bajo, yana so a sa shekarar da aka kafa makarantar, 1994, da lambobin Romawa a ƙasa. Wurin ya yi kaɗan, sai na yi tunanin MXMIV. Wani yaro a shagon kwamfuta kuma ya ce mini akwai gajerun hanyoyi a kwamfuta. In rubuta? Daga wani mai zane a Kaduna.

AMSA: Kada ka rubuta, maigida. XM ita ce matsalar: X ba ya wuce L da C, ka kai shi gaban M. Fasa ta gida-gida, dubu M, ɗari tara CM, casa'in XC, huɗu IV. MCMXCIV, haruffa bakwai. Ka rage girman haruffan su shiga. Bajo abu ne da za a ɗinka a ƙirjin yara shekara da shekaru, kuma na makaranta ne, inda ake koyar da wannan darasi. Ba wurin da ya kamata a yi gajen hanya ba ne.

Yaron shagon bai yi maka ƙarya ba. Manhajar Excel tana da umarnin da ke mayar da lamba zuwa ta Romawa, kuma in an zaɓa tana iya taƙaitawa, ta mayar da 499 ID maimakon CDXCIX. Amma in ba a zaɓi taƙaitawar ba, CDXCIX take bayarwa, wadda kowa ya sani. Ita za ka bi.

Shekararka ta burge ni, don ɗebewa uku ne a cikinta. In kana son gwada hannunka, ɗauki shekarar Hijira ta 1444: M, CD, XL, IV, wato MCDXLIV. Tsakanin wannan da taka, biyar daga cikin ɗebewa shidan nan sun fito, IX kaɗai ta rage.

TAMBAYA: Baba Malam, ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Yaya ake rubuta sifiri da kuma 5000 a lambobin Romawa? Daga wata ɗaliba a Bauchi.

AMSA: 'Yata, sifiri ba shi da harafi a wannan tsarin, shi ya sa kika ga a 1960 mun wuce gidan da ba kowa ba tare da mun ajiye komai ba. Dubu biyar kuma ta fi ƙarfin haruffan bakwai su kaɗai. Tunda M ba ya wuce uku a jere, kuma ba wani harafi a samansa da za a ɗebe shi daga ciki, iyakar abin da ƙa'idar ke kaiwa shi ne 3999, MMMCMXCIX. Daga nan sai a ja layi a saman harafi, layin kuma yana nufin a ninka shi sau dubu. V mai layi a ka ita ce 5000, X mai layi a ka 10,000.

Ƙirga da haruffa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu na zaure suna da hisabin abajada, inda alif ke ɗaya, harafin ba ke biyu, jim uku, dal huɗu, harafin ya kuma goma, kuma da shi marubuta waƙoƙin ajami ke sa ramzin shekarar da suka gama waƙa a ƙarshenta. Shi wannan tarawa ce zalla, babu ɗebewa a cikinsa.

Lambobin da kike lissafi da su a aji daga Indiya suka samo asali. Malamin Bagadaza Alkhawarizmi ya yi littafi a kansu a ƙarni na tara, sannan wani ɗan Italiya da ake kira Fibonacci ya yaɗa su a Turai da littafin da ya fitar a 1202. In kina son ki ga abin da ya sa 'yan kasuwar Turai suka karɓe su, ɗauki takarda ki ninka XLIX sau XIV ba tare da kin mayar da su 49 da 14 ba. Su kansu Romawan ba a rubuce suke yin irin wannan aikin ba, allon ƙirga gare su da 'yan tsakuwoyi, sai sun gama su rubuta amsar. Amsar da za ki nema ita ce 686. Ki fasa ta gida-gida ki aiko mini da ita a wasiƙarki ta gaba.